Furera Lasifika da Awaki Masu 'Yan Kunne

A Kutemeshi aka haifi Furera, shekarar da gyaɗa ta yi kyau har aka rasa buhunan zuba ta. Mahaifiyarta ta sha faɗin cewa yarinyar ta iya magana tun kafin ta iya zama, kuma wai kalmar farko da ta fito daga bakinta ba "Inna" ba ce, ba "Baba" ba ce, "Kin ji?" ce. Ko gaskiya ne ko sharrin uwa, oho, amma duk wanda ya zauna da Furera na yini ɗaya bai taɓa musa wannan labari ba.

Da ta isa aure, ta tsallake samari masu surutu irin nata, ta zaɓi Malam Labaran, manomin masara mai kiwon zuma, mutumin da in ya yi kalma goma a yini sai ya ce ya gaji. Mutane suka ce an haɗa ganga da kurma. Su kuwa suka zauna lafiya, ita tana faɗa, shi yana gyaɗa kai, har Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan bakin daji, suka kwashi yara da tukwane da amya biyu suka dawo Tsohon Birnin Gwari, suka sauka a gidan wani ƙanin Labaran da ya koma Kaduna. Nan Furera ta kama tallan kayan miya gida-gida: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da barkono, a cikin wani kwando mai hannu ɗaya. Daddawar dai ba ta fi ta kowa ba. Abin da mata ke saye shi ne labarin da ake ba su gyara.

Sunan Lasifika ya samo asali ne ranar da lasifikar masallaci ta lalace, ga kuma sanarwar suna da ake son yi. Liman ya ce, "Ku je ku faɗa wa matar Labaran, amma ku ce mata sirri ne." Washegari har daga Kakangi aka zo sunan, shinkafa ta kasa. Ta kuma taɓa sanar da rasuwar tsoho Hamza mai gyaran keke, alhali bawan Allah barci ne ya kwashe shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Ya farka ya tarar da mata cike da gidansa ana salati, ya zauna ya ci gumbar sadakarsa, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Haka take har wata ƙungiya mai samun tallafi daga ƙasashen waje ta buɗe aiki a ƙaramin asibitin garin. Aikin nasu shi ne ba masu cutar ƙanjamau magani kyauta, da kula da marayu da yaran da iyayensu ke kwance. Mai jagorantar aikin wata ma'aikaciyar jinya ce, Sista Patience, 'yar Gbagyi daga wani ƙauye na kusa, doguwa mai sanyin murya. Ta tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, ta ce tana neman mace ɗaya da za ta riƙa zagaya gidaje.

Mai unguwa ya karkato ya yi mata raɗa. "Sista, kowa kika ɗauka daidai ne, ban da waccan mai jan mayafi."

Patience ta juya ga jama'a ta tambaya, "Marayu nawa ne a unguwar nan?"

Wani ya ce goma. Wani ya ce ai sun kai ashirin. Mai unguwa ya ce Allah kaɗai ya sani.

"Talatin da ɗaya," in ji Furera, mai jan mayafin, daga bayan taro. "Talatin da biyu in an haɗa da jaririn da aka kawo gidan Benjamin shekaranjiya daga Kakangi. Bakwai ba sa zuwa makaranta. Biyu na gidan Martha takalmi ɗaya suke karɓa-karɓa, na hagun ma ya tsinke. Akwai wanda ake cewa maraya ne, amma ubansa na nan da rai a Legas, yana sayar da agogo, ya ƙara aure."

Patience ta ajiye biro. "Mama, yaya sunanki?"

Bayan an watse mai unguwa ya bi ta har bakin mota yana roƙo. Ta ce masa wanda ya san hanya shi ake sawa gaba, baki kuwa ana iya ɗinke shi.

"Wannan bakin," in ji mai unguwa, "sai dai walda."

Furera ta koma gida ta tarar da Labaran yana shan koko. Ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu. "Malam, yau na zama 'yar sa-kai."

Ludayi ya faɗi daga hannunsa. A wannan yanki in aka ce ɗan sa-kai, mai bindigar tsaron gari ake nufi. Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Da wace bindigar?"

"Ta asibiti ce, Malam. Jaka ce da riga."

Ya ɗauki ludayinsa. "To, 'yan daji sun tsira."

Kwana uku aka yi ana horar da su a cikin garin Birnin Gwari. Furera ta koyi cewa ba a ɗaukar cutar ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko cizon sauro, kuma wanda ya riƙe maganinsa kullum ba fashi zai yi noma, ya haihu, ya tsufa kamar kowa. Duk wannan ya shiga kanta ba wahala. Wahalar ta zo ne a rana ta uku, da Patience ta ja ta wani ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mama Furera, zan faɗa miki sunaye tara na masu cutar. Su da kansu suka yarda a faɗa miki, bayan na sha roƙo, biyu ma sai da suka yi kuka da suka ji ke ce. In suna ɗaya ya fita, mai shi zai daina karɓar magani don kunya. In ya daina, kin san sauran."

Furera ta dafa ƙirji ta rantse. Patience ta fara jero sunayen. Uku daga ciki Furera ta daɗe tana zargi. Huɗu ba su ba ta mamaki sosai ba. Biyu kuwa, da ta ji su sai da ta kama kujera. Shekara arba'in da 'yan kai tana farautar labari, ba ta taɓa kama mai ƙiba irin wannan ba, ga shi an ɗora mata a cinya an ce ba na ci ba ne.

Ta dawo gida ta cusa goro ɓari biyu a kunci, ta yi shiru. Da safe a bakin famfo aka gaishe ta, ta gyaɗa kai. Aka ce mata an ga matar wane ta fita da akwati, ta runtse ido ta ɗauki bokitinta. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Lasifika ta gamu da shanyewar jiki. Mata suka yi ta zuwa dubiya da lemo da fura, suna ɗaga mata hannu su saki su ga ko zai faɗi. Labaran, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana roƙon Allah shiru na minti biyar, sai ya tarar tuwo ba ya wuce masa. Ya kunna rediyo, ya ce ba ɗaya ba ne. Ya kawo mata zuma da rubutu, ya zauna yana kallon bakinta kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai.

Rana ta huɗu ta tafi asibiti da sauri, ta tofar da goron a bakin ƙofa.

"Sista, zan fashe. Wallahi har a kunnena nake jin sunayen nan suna neman hanya."

Patience ta yi dariya har da hawaye. "Mama, ai ban ce ki daina magana ba. Shirunki ma ya fi surutunki jan hankali. Ki yi ta maganarki, amma wadda ba za ta kashe kowa ba."

Furera ta yi tunani a hanya. Mutum ɗaya ne a duniya da za ta iya tona wa asiri ba a kai ta gaban mai unguwa ba. A cikin mako guda Tsohon Birnin Gwari ta san cewa Malam Labaran, wanda ke cusa hannu cikin amya ba tsoro, in ya ga allurar asibiti suma yake. An san yana shafa wa gemunsa baƙin lalle ranar Alhamis. An san ya taɓa gudu ya bar takalmi saboda inuwar kututture. Yara suka riƙa bin sa suna cewa "Baba, ga allura!"

"Furera," ya ce mata wata rana da hantsi, "me na yi miki?"

"Sadaka kake yi, Malam, ba ka sani ba."

"Da mutuncina?"

"Ladan ya fi yawa."

Ya ɗauki fartanya ya fita. Bai sake tambaya ba.

Sai kuma matsalar zagaye. In aka ga tana shiga gidaje tara kawai, ko makaho ya gane. Don haka ta riƙa shiga duk gidajen unguwar, sittin da wani abu, ta zauna daidai lokaci ɗaya a kowanne. Rigar ƙungiya ta ninke ta a ƙasan akwati. Kwalaben magani kuwa ta cusa musu auduga don kada ƙwayoyin su yi kacau-kacau, ta naɗe su a ganye kamar ƙullin daddawa, ta ɗaure da zare ja. Tun da ba a shiga gidan mutane a ƙi cin abinci, kafin damina ta faɗi zannuwanta sun daina zagaye ta sau biyu.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da wannan sabon hali ba, wato Huraira mai waina a bakin tasha, aminiyarta tun zuwansu garin. Shekara da shekaru suna musayar labari, kowacce ta kawo nata a baje kamar 'yan kasuwa. Yanzu Furera ba ta kawo komai sai gemun Labaran.

"Ke 'yar nan, na gaji da Labaran," in ji Huraira, tana zuba mata waina mai zafi da miyar taushe. "Kina shiga asibiti kina fita. Su wane ne ke da abin nan? Ɗaya kawai. Ni ce fa."

"Yau da safe ma ya sa wandonsa a baibai."

"Harafin farko kawai ki faɗa mini."

"Har ya kai masallaci bai sani ba."

Huraira ta matso, ta rage murya. "To bari ni in fara. Kin ga haƙoran nan nawa biyu na gaba? Ba nawa ba ne, na roba ne. A Kaduna aka dasa mini. Ko maigidana bai sani ba. Na ba ki nawa, ba ni naki."

Furera ta dubi haƙoran, fari tas, suna sheƙi. Ta haɗiye wainar ba tauna, ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Tun daga ranar ta sami kaya na goma. Duk sa'ad da Huraira ta yi dariya a taron biki, sai Furera ta juya ta fuskanci bango.

Ana cikin haka ƙungiyar ta aiko da awaki goma sha ɗaya, don a raba wa masu riƙon marayun da suka fi buƙata, su kiwata su sami na sabulu da littafi. Kyawawan awaki ne jajaye, sai dai kowacce an maƙala mata wata rawayar roba mai lamba a kunne. Kafin a gama sauke su daga mota wani zaunannen bakin tasha ya ce, "Ga awakin masu ciwo sun iso." Shi ke nan. Martha, tsohuwar da ke riƙon jikoki huɗu, ta zo ta shafa bayan wata akuya, ta dubi kunnen, ta girgiza kai.

"Furera, ina so, Allah ya sani. Amma in na ja wannan zuwa gida, gobe ba mai sayen kununa."

Sauran ma haka. Patience ta ce ba a cire lambar, domin da ita masu tallafin ke gane awakinsu. Aka rasa inda za a kai su, sai gidan Furera. Kwana shida suka yi a can. Suka cinye irin masarar Labaran, suka cinye hularsa ta Juma'a, suka hau rumfa suka cinye kuɓewar da aka shanya. Wata mai ƙahon hagu a karye ta cinye rabin katin zaɓensa, ta bar masa hoton daga hanci zuwa ƙasa.

Labaran ya tsaya a tsakar gida riƙe da guntun katin. Ya yi jimla mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. "Furera, na ba da gemuna, na ba da wandona, amma ko awakin nan su bar gidan nan ko ni in koma cikin amya."

Furera ta zauna a kan turmi tana kallon kunnuwan awakin. Can sai ta miƙe, ta yafa jan mayafinta, ta nufi famfo a lokacin da ya fi cika. Ta ja matar da ta fi kowa sakin baki, in ban da ita kanta, gefe.

"Zan faɗa miki abu, amma ki rufa mini asiri. Kin san rawayar robar nan ta kunnen awaki? Ashe ɓarayin daji tsoronta suke. Wai duk dabbar da ke da ita, ana hango ta daga sama ko ina aka kai ta. Shi ya sa nake jan ƙafa wajen rabawa. So nake su zauna a gidana."

A ƙasar da kowa ya taɓa rasa dabba, wannan magana ba ta buƙaci ƙafa ba. Washegari da safe mutum biyar suka zo neman sayen lambar. Furera ta ce ba ta sayarwa ba ce. Zuwa jibi wani mai facin bokiti ya gano cewa in aka yanka rawayar jarkar man gyaɗa aka rubuta lamba da fenti, ba mai bambancewa daga nesa. Jarka ta yi tsada a kasuwa. Aka huda kunnen awaki, aka huda na tumaki. Mai unguwa ya sa wa jakinsa biyu, ɗaya a kowane kunne. Tsoho Hamza, da ba shi da dabba sai agwagwa, ya rataya mata tata a wuya. Kafin mako ya zagayo, akuyar da ba ta da ɗan kunne ita ce abin kallo, kamar amarya ba lalle.

Ranar kasuwa Martha ta zo da igiya, ta ja akuyarta ta bi tsakiyar gari da ita, mutane suna cewa ta yi sa'a ta sami ta asali. Sauran goma suka tafi a yini ɗaya.

Da Patience ta ji yadda aka yi, ta riƙe kai. "Mama, ƙarya fa kika yi."

"Cewa na yi 'wai', Sista. Duk maganar da aka sa wa 'wai' ba ta da uba."

Bayan wata biyu aka turo wani jami'i daga ofishin Kaduna, Mista Nathaniel, mai gilashi da babbar waya, ya ɗauki hoton awakin goma sha ɗaya don a aika wa masu tallafi. Ya sauka a tasha, ya ga akuya mai rawayar lamba, ya ɗauki hotonta. Ya juya ya ga uku. Ya shiga lungu ya ga garke guda. Ya duba takardarsa, ya goge gilashi, ya sake dubawa. Da ya ƙirga ɗari da arba'in sai ya zauna a kan dakali ya nemi ruwa. Nan jakin mai unguwa ya zo wucewa.

"Sista Patience," ya ce da ƙaramar murya, "mun ba da jaki?"

"Ba mu ba da ba."

"Lambarsa dubu tara da ɗaya."

Furera ce ta kai shi gidajen gaskiya, ta hanyar shiga gidaje talatin na bogi. Ya koma Kaduna da cikinsa cike da fura da kunu, ya rubuta a rahotonsa cewa jama'a sun karɓi shirin fiye da yadda aka zata.

Ba a daɗe ba Huraira ta aiko a kira ta. Furera ta tarar ba waina a tanda, ba kowa a gidan. Huraira ta shigar da ita ɗaki ta saki labule. Ta ɗauko guntun rake, ta kafa masa haƙoran gaba, ta ɓare shi ɓarau, ta tofar.

Furera ta zaro ido. "Za su fita!"

"Ina za su? Nawa ne, da su aka haife ni. Wata biyar ina kasa kunne in ji zancen haƙoran roba a gari. Na tambayi mata a famfo, na tambayi masu niƙa. Shiru."

"Wata biyar!" Furera ta miƙe tsaye. "Kin san abin da haƙoran nan suka yi mini? Har mafarkinsu na yi, suna bi na a kasuwa!"

Huraira ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga labulen ƙuryar ɗaki. A kan tabarma Bushira ce kwance, 'yar ƙaninta da ya rasu shi da matarsa shekara uku da suka wuce, yarinya 'yar shekara bakwai da Huraira ke riƙo. Ta rame, wuyanta kamar na tulu, tana tari.

"Na san abin da ya kashe iyayenta," in ji Huraira. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na kai ta wurin mai magani uku. Ina tsoron asibiti, ina tsoron bakin mutane, kuma bakin da na fi tsoro naki ne, don na san shi ciki da waje."

Furera ta rasa abin cewa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba sai da goro a baki. Ta zauna a bakin tabarma ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Da ta sami murya sai ta ce, "Gobe da sassafe ki goya ta, ki ce haƙori za a cire mata. In an tambaye ni, zan ce gadon gidanku ne."

Aka gwada Bushira, aka sami cutar, aka ɗora ta a kan magani. Watan farko da wuya, ba ta son haɗiyar ƙwaya, sai Furera ta zauna gabanta tana ba ta labarin yadda Baba Labaran ya gudu daga kututture, in ta buɗe baki tana dariya a jefa. Kafin lokacin kaka Bushira ta yi kumatu. Shekara ta zagayo ƙungiyar ta ɗinka mata kayan makaranta, ta shiga aji ɗaya tana fin kowa tsawo da surutu.

Shekara huɗu ana wannan aiki. Sunaye tara suka zama ashirin da uku, ba ɗaya da ya taɓa fita. Mutum biyu sun rasu, ɗaya don ya tafi haƙar zinariya a daji ya bar maganinsa a gida, kuma Furera ta yi kwana uku ba ta ɗauki kwando ba.

Sai wata shekara da rani, Patience ta kira ta ofis, fuskarta ba walwala. Ta ce masu tallafin can ƙasashen waje sun dakatar da aiki, ba a san ranar dawowa ba. Motar da ke kawo magani ƙaramin asibiti ta daina zuwa. Maganin yana nan a babban asibitin cikin gari, amma sai an je an karɓo. Ɗan alawus ɗin masu zagaye ma ya tsaya.

"Mama, ba zan iya ce miki ki ci gaba ba. Ba ni da abin ba ki."

"Da can da nake yawon gidajen mutane, wa ke biya na?" in ji Furera. "Ki rubuto mini takardar da za su ba ni maganin."

Matsalar ita ce hanya. Masu cutar da yawa ba za su iya zuwa gari duk wata ba tare da an tambaye su dalili ba. Furera ta koma gida ta tsaya a kan Labaran yana wanke tsohon babur ɗinsa.

"Malam, zumarka za ta fi tsada a cikin gari. Ya kamata mu riƙa kaiwa duk Talata."

Ya ci gaba da wanki. "Har da kwandon daddawa?"

"Har da shi."

"Mai jan zare?"

Ya matse tsumma ya rataya a kan madubi. "Ban tambaye ki ba, kada ki faɗa mini. Ƙarfe bakwai."

Haka suka riƙa yi, wata bakwai cur. In an ce hanya ba lafiya su jira ayarin motoci su bi baya. Awakin nan kuwa sun hayayyafa, Martha ta tara masu riƙon marayu suka yanke cewa duk akuyar da ta haihu, 'yar fari ta tafi gidan da ba su samu ba. Daga baya tallafin ya dawo, amma ya rame. Motar magani tana zuwa wata ɗaya ta tsallake ɗaya, kayan makaranta sun tsaya, Patience kuma aka mayar da ita Kaduna, inda take bugo waya duk Lahadi bayan coci. Tafiyar Talata ba ta tsaya ba.

Bara idon Labaran ya fara hazo, ya ce ba ya ganin rami sai ya faɗa. Furera, tana da shekara hamsin da ɗoriya, ta ce to ita za ta koyi tuƙi. A filin makaranta ya koya mata. Ranar farko ta shiga tarin ƙaiƙayi har wuya. Rana ta biyu ta bi ta tsakiyar 'yan ƙwallo, ta fita da ragar gola a kafaɗa. Mai unguwa ya aiko a ce mata mace da babur ba a saba gani ba, ta aika masa cewa yanzu zai saba.

In ka tsaya a bakin tasha ranar Talata da safe za ka gan su. Ita ce a gaba, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana gaida mutanen dama da hagu tana sakin hannu ɗaya. Shi yana baya rungume da kwando da galan ɗin zuma, idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Ran nan wani direba ya tambaye shi ko ba ya jin tsoro.

"Ina ji," in ji Labaran. "Amma tun da ta fara tuƙi ban sake makara da addu'ar safe ba."